Harshen da Ya Rage wa Aboy

Alhamis, 8 ga watan Hidar, da hantsi

Asgedom ƙanena ya tafi Adwa jiya da ƙafa, don babu mota. Ya ce in Allah ya yarda yau da yamma yana gida da maganin Aboy, mahaifinmu.

Aboy ya kwana lafiya. Hannunsa na dama da ƙafar suna nan yadda suke tun ranar da ya faɗi a masussuka, kamar ba nasa ba. Bakin dai ya ɗan saki, ya fara magana, amma ba da harshenmu ba. Tigrinyar da ya tsufa yana zagin awaki da ita ta ɓace masa ƙaf. Abin da ya rage masa Gi'iz ne, harshen littattafan coci, wanda rabon da a sayi gishiri da shi a kasuwa tun kakannin kakanni. Da shi yake neman ruwa, da shi yake neman a juya shi.

Adey Silas, ƙanwarsa, ta zo ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"To, Merigeta Araya, yanzu sai mala'iku kaɗai za ka riƙa yi wa magana? Mu talakawa fa?"

Ya harare ta da idon da ke buɗewa sosai. Ta yi dariya, ta zagaya wajen murhu ta daɗe, ta dawo tana goge ido ta ce icen ɗanye ne.

Duk limaman cocinmu na Yeha a gabansa suka koyi waƙar ibada, shi ya sa ake ce masa Merigeta. Ni ina bayan ɗakin karatu ina surfe, abin da kunnena ya tsinta shi ne nawa. Rabi nake ganewa. Asgedom ne ke gane duka.

Juma'a, 9 ga Hidar, da la'asar

Bai dawo ba. Tun safe ake jin ƙarar bindigogi daga bayan duwatsu, ta wajen hanya. Babu wuta, waya ba ta shiga.

Asabar, 10 ga Hidar, da hantsi

Duk sanda ƙofa ta yi ƙara sai Aboy ya ɗago kai ya ce, "Mannu?" Wato wane ne. In ce ni ce. Ya mayar da kai.

Wannan kalmar Asgedom ya taɓa cika mini kunne da ita. Na buɗe rumfar gahawata a ƙofar Tsohon Gini, kangon dutsen mutanen da can da baƙi ke zuwa gani, babu baƙo ko ɗaya, shi kuma ya zo hutu daga jami'a ya rasa wanda zai koyar, sai ni. Ya ce akwai wasu mutane da suka zauna tsakanin koguna biyu a ƙasar Iraƙi, tun ba a aza dutse ko ɗaya a Yeha ba, suna rubutu da tsinke a kan ɗanyen yumɓu. Su ma in za su tambayi wane ne, mannu suke cewa, sak irin na Gi'iz. Ya ce su da Larabawa da Yahudawa da mutanen Saba da mu, duk daga baki ɗaya muka sha magana, aka watse.

Na ce, "Wa ya ji su suna faɗa?"

Ya ce, "Yumɓu ya ji."

Na ce to ya je yumɓun ya dafa masa gahawa, ni ya tashi mini daga kujerar baƙi.

Yau iska ce ta yi ta buga ƙofar. Na sa dutse na tokare ta.

Litinin, 12 ga Hidar, da azahar

Haji Nurhussein maƙwabcinmu ya bar saƙarsa ya shigo gaida Aboy. Tun ina yarinya suke musun harshen wa ya girmi na wani, Larabcin Haji ko Gi'iz ɗin Aboy, har yau ba wanda ya sauka.

Ya zauna bakin gado, ya nuna idonsa ya ce, "Ain."

Aboy ya ce, "Ayn."

Ya fito da harshe. "Lisan."

"Lisan."

Ya nuna rufin ɗaki. "Bait."

"Bet."

Haji ya tafa hannu ya juyo gare ni. "Kin gani, Hiriti? Tsohon nan ya kama hanya. Saura ƙiris ya iso Larabci in yi masa rawani."

Aboy ya yi dariya da rabin baki, yawu ya zubo, na goge. Sai ya kama hannun rigar Haji ya ce, "Ayte waldeya?"

Haji ya ce a hankali, "Aina waladi ke nan. Ina ɗana, yake tambaya."

Na ce, "Na ji, Haji."

Na gaya wa Aboy yana hanya.

Talata, 13 ga Hidar, da hantsi

An kira ni gidan Adey Silas da sassafe, ko wuta ban hura ba. Na tarar da Keshi Zeru limaminmu, da dattawa biyu, da wani mai jaki daga wani ƙauye na bakin hanya, ban san shi ba. Duk suna tsaye. Kowa ya san abin da ake tara dattawa da sassafe a gaya wa mutum.

Mai jakin ne ya yi magana, yana kallon ƙasa. Ya ce ranar Alhamis ne. Ya ce mutanen ƙauyensu sun yi abin da ya kamata, a harabar cocinsu, ta gefen gabas. Ya ce ba shi kaɗai ba ne.

Ya miƙo mini ƙullin tsumma. Tabaran Asgedom ne a ciki, da kwalin magani. Ashe ya samu maganin. Yana hanyar dawowa ne.

Adey Silas ta buɗe baki za ta ƙwala, Keshi ya ɗaga hannu. Ya ce gidanmu na kusa, Merigeta zai ji. Ya ce mai irin ciwonsa ba a gaya masa irin wannan magana sai ya yi ƙarfi, ga shi babu likita, babu hanya. Dattawan suka ce haka ne. Adey ta cusa mayafi a baki.

Aka tambaye ni ko na yarda. Na ce to.

Gefe ɗaya na kwalin ya ɓaci, ya yi baƙi ya bushe. Na sa almakashi na yanke wurin. Na ba mai jakin injera biyu, irin gurasarmu, ya ci a hanya. Na koma gida na hura wuta.

Ranar dai, da yamma

Na ba Aboy ƙwayar farko. Ya daɗe yana kallon kwalin. Na ce Asgedom ne ya aiko, ya ce hanya ba kyau, zai ɗan zauna a Adwa wajen abokinsa. Ya haɗiye.

Alhamis, 15 ga Hidar, da safe

An shiga azumi. Babu nama, babu madara. Dama babu.

Juma'a, 16 ga Hidar, da la'asar

Adey Silas ta zo ta yi mini kitso. Na ce ta bari. Ta ce, "Ke, zauna nan. In ya ga kanki a tsefe me za ki ce masa? Kwarkwata?" Ta yi mini ƙanana masu kyau, irin na zuwa biki, ta shafa mai. Ta ja gashin da ƙarfi. Na san tana ja ne don ina jin kaina yana bin hannunta.

Da na shiga ɗaki Aboy ya kalli kitson ya ce, "Sannay." Kyakkyawa.

Tabaran na cikin randar tef, hatsin injera, can ƙasa.

Lahadi, 18 ga Hidar, da azahar

Bayan ibada maza suka shiga ɗakin ajiyar coci. An ce sojojin da ke wucewa ba sa barin komai. Littattafan fata an naɗe su a buhuna, Keshi da wasu sun hau dutse da su, ba a faɗa mana ina ba. Duwatsun rubutu sun yi nauyi, sai aka raba su gidaje. Namu an ce a binne a garke, a bar shanu su tattake wurin.

Mutum huɗu ne suka ɗauko shi a kan sanduna. Da suka zo wucewa ta ƙofar ɗakin Aboy ya hango, ya kama buga gado da sandarsa har suka shigo da shi suka ajiye a gefensa.

Dutsen mutanen Saba ne, na waɗanda suka gina Tsohon Gini. Sau da yawa na ga Aboy yana karanta wa baƙi shi. Haruffan a miƙe suke kamar ƙyauren kara, babu wasali. Layin farko daga dama yake tafiya, na biyu ya juyo daga hagu, yadda sa ke juyawa a ƙarshen kunya. Ya sa yatsan hagu yana bi. Ya karanta sunan mutumin da ya sa aka sassaƙa, wani magini. Sai yatsan ya tsaya kan haruffa biyu da ke bin sunan.

"Bin," in ji shi.

Ɗan wane. Bai wuce zuwa sunan uban ba. Ya bar yatsan a nan yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikin mazan ya ce rana na yi, gara a haƙa tun da wuri. Suka ɗauke.

Na taya su kwashe kashin shanu na mayar a kai.

Litinin, 19 ga Hidar, da hantsi

"Ayte waldeya?"

Na ce, "Ruwa kake so, Aboy?" Na kawo ruwa. Ya sha.

Talata, 20 ga Hidar, da yamma

Ya tambaya da safe, ya tambaya da rana. Na yi kamar ban gane ba, na kawo ruwa. A makon nan ya sha ruwa da yawa.

Alhamis, 22 ga Hidar, da la'asar

Sojojin sun zo yau. Ba su daɗe ba. Sun tafi da awakin Adey Silas da tulun zumar Keshi, sun kwance zaren Haji daga kan masaƙa, ban san me za su yi da shi ba.

Ɗaya ya shigo gidanmu. Ya ture dutsen ƙofa da ƙafa, Aboy ya ce, "Mannu?" Mutumin ya leƙa ya ga tsoho a kwance. Aboy ya zuba masa ido ya kama karanto wani dogon abu daga Zabura, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Mutumin ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai har aka kai ƙarshe, ya ce amin daidai inda ake cewa. Sai ya mayar da hular, ya ɗauki rediyo da bargon da ke kan igiya ya fita.

Ina tsaye bakin murhu duk lokacin. Bayan sun tafi Adey ta ce me ya sami hannuna. Na duba, ashe na dafa kaskon injera. Ta shafa mini ɗanyen kwai. Wurin ya tashi sosai.

Asabar, 24 ga Hidar, da rana tsaka

Na shiga Tsohon Gini na zauna. Babu kowa, mai gadin ma ya tafi wajen danginsa. Bangon nan huɗu, babu rufi, sai tattabaru. Asgedom kan sa baƙi su gwada cusa reza tsakanin dutse da dutse, su kasa, shi kuma ya yi ta murmushi kamar shi ya gina.

Wata rana na tambaye shi ina mutanen suka tafi. Ya ce ba inda suka tafi, sun auri kakanninmu, sun haifi masu sayar da gahawa masu baƙar rowa. Na jefe shi da ɓawon gyaɗa.

Na zo ne don in yi kuka inda ba mai ji. Na zauna, na jira. Na ƙirga tattabarun, suka tashi, na rasa lissafin. Da inuwa ta juya na tashi, lokacin juya Aboy ya yi.

Lahadi, 25 ga Hidar, da yamma

Na dafa shiro, miyar garin wake. Ya ci. Na ci.

Talata, 27 ga Hidar, da hantsi

Na tare Keshi Zeru a bakin rijiya na ce a gaya masa.

Ya ce, "'Yata, ɗaya muka rasa. So kike mu haɗa biyu?"

Na ce, "Kullum sai ya tambaye ni."

"Ki ce yana Adwa."

"Na faɗa har bakina ya gaji."

Ya ajiye sandarsa ya zauna kan dutse. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Ya ce shi ma tun ranar bai iya shiga ɗakin ba, don Merigeta ya san fuskarsa in yana ƙarya tun yana ɗan shekara tara, lokacin da yake cewa ya haddace bai haddace ba. Ya ce mu jira a buɗe hanya, likita ya gan shi tukuna.

Na ce to. Na ɗauki tuluna.

Alhamis, 29 ga Hidar, da azahar

Ƙafar ta ɗan motsa. Ya murza babban yatsa sau biyu ina gani. Maganin na aiki.

Asabar, 1 ga watan Tahsas, da la'asar

Haji ba shi da zare, saboda haka kullum yana wajen Aboy. Shi Larabci, Aboy Gi'iz, inda suka kasa haɗuwa su yi da hannu. Ina jin su daga tsakar gida. Yau sun yi ta faɗan yadda ake ƙirga. Haji ya ce salasa, Aboy ya ce shalastu. Haji ya ce arba'a, Aboy ya ce arba'itu. Haji ya ce, "Kai komai sai ka ɗaura masa jela."

Can sai na daina jin su. Shirun ya yi tsawo har na ajiye tankaɗe na leƙa. Suna zaune yadda na bar su. Aboy na kallon bango, Haji na kallon tafin hannunsa.

Da Haji ya fito bai tsaya shan gahawa ba.

Lahadi, 2 ga Tahsas, da yamma

Yau ƙofa ta buɗe sau da yawa. Bai ɗago kai ba.

Litinin, 3 ga Tahsas, da hantsi

Bai tambaya ba. Na kawo ruwa duk da haka. Ya kawar da kai.

Na shiga wajen Haji, na same shi zaune gaban masaƙa babu komai a kanta.

"Haji, kai ka gaya masa?"

"Wallahi ban ce masa komai ba."

"To me ya faru?"

"Ya tambaye ni. Da can nakan ce yana Adwa. Ranar nan ya kama gemuna ya sake tambaya. Hiriti, shekara hamsin ban taɓa yi masa ƙarya yana riƙe da ni ba. Na yi shiru. Shi ke nan abin da na yi."

"Ya gane?"

"Ban sani ba. Bai ce komai ba. Ya sake ni dai."

Na tambaye shi ko yana da gishiri. Ya ce kaɗan. Ya raba mana.

Alhamis, 6 ga Tahsas, da safe

Yana cin abinci. Yana shan magani. Yana barci, ko yana rufe ido. In na shiga ya bi ni da kallo, in na kalle shi ya dubi rufi. Ni ban faɗa ba, shi bai tambaya ba. Haka muke.

Lahadi, 9 ga Tahsas, da azahar

Ba komai.

Laraba, 12 ga Tahsas, da yamma

Maganin ya ƙare. Na jefa kwalin a wuta.

Keshi ya aiko cewa ranar Litinin ce arba'in. Za a yi addu'ar a coci da sassafe, a hankali, babu ganga, kada sauti ya tsallako katanga. Adey Silas za ta yi gurasar sadaka a gidanta. In Aboy ya ji ƙamshi a ce na bikin waliyyi ne.

Adey ta ce, "Wane waliyyi ne ranar sha bakwai?"

Na ce ta zaɓi ɗaya.

Ta ce, "Wannan mutumin ya san ranar kowane waliyyi har da na jakunansu, ni za ki tura in yi masa ƙarya?"

Ba mu zaɓa ba.

Asabar, 15 ga Tahsas, da hantsi

Na tono tabaran daga randa na wanke. Na sa a idona, komai ya zama hazo. Na daɗe da su a haka ina tsince wake da lalube.

Litinin, 17 ga Tahsas, da la'asar

Na tashi da asuba zan sulale, na tarar Aboy a zaune. Shi kaɗai ya tashi zaune, ban san yadda ya yi ba. Ya nuna akwati da sanda. Na ce ya kwanta, sanyi ake yi. Ya buga gado. Na buɗe akwatin. Farin bargonsa na ibada yake so, da rawaninsa.

Na ce, "Aboy, ba inda za ka."

Ya sake buga gadon, ya yi ta bugawa har Haji ya shigo ba takalmi. Haji ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Naɗa masa."

Na naɗa. Haji ya kira maza biyu, aka ɗora shi a kujera, su uku suka ɗauka. A ƙofar harabar coci Haji ya miƙa wa wani ƙafar kujerar, shi ya tsaya a waje ya jingina da katanga.

An riga an fara. Limamai na tsaye a jere ƙarƙashin itacen zaitun, kowa da sandarsa, suna yi ƙasa-ƙasa kamar masu tsoron tashin jariri. Mata na gefe. Da aka ga kujerar muryoyin suka ƙara yin ƙasa, wasu suka daina. Keshi Zeru ya dube ni. Ban yi masa alamar komai ba.

Aka ajiye Aboy a gabansu, inda ya saba tsayawa. Ya ɗaga sanda da hannun hagu ya buga ƙasa, ya sake bugawa, yana ba su taki kamar yadda yake yi musu suna yara. Sai ya ɗauko waƙar daga inda ta faɗi. Muryar ba ta karkace ba ko kaɗan. Bakin da ba ya iya riƙe ruwa, kowace kalma ta fito cikakkiya. Suka bi shi, ba su da yadda za su yi. Ya ɗaga, suka ɗaga. Har a kasuwa an ji.

Aka zo wurin da ake cewa Ubangiji ka hutar da ran bawanka, a faɗi suna. A coci ba a kiran mutum da sunan gida, sai wanda aka raɗa masa ranar baftisma. Duk limaman suka tsaya cak. Keshi ya buɗe baki ya rufe. Ba ka jin komai sai tattabaru.

Aboy ya ce, "Gebre Kidan."

Ya ƙara da kalma ɗaya da ba ta cikin littafi. Waldeya, ɗana.

Ya ci gaba da waƙar. Adey Silas ce ta fara, ta faɗi ƙasa, sai duk matan suka ɗauka, kukan da suka riƙe tun watan jiya. Keshi na waƙa hawaye na bin gemunsa. Aboy bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe.

Ni ina tsaye. Ina tunanin ban rufe kaji ba.

Ranar dai, da magariba

An dawo da shi gida. Mutane sun cika tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, an raba gurasa. Na shiga in cire masa rawani. Da na sunkuya ya kama bakin mayafina.

A wajenmu mace mai makoki juya mayafinta take yi, bakin da ke da ado ya koma sama ya kewaye fuska, duk wanda ya hango ta ya san an yi mata rashi. Nawa yana nan yadda nake sa shi kullum, adon a ƙasa.

Ya ja shi daga kafaɗata. Da hannu ɗaya yake yi, mayafin na zamewa, ya kama da haƙori, ya sake kamawa da hannu. Na miƙa hannu zan taya shi, ya buge mini shi. Na durƙusa na bar shi. Ya daɗe yana fama. Ya juya shi, ya ɗora mini a ka, ya gyara adon ta wannan gefen, ya gyara ta wancan. Sannan ya dafa kaina ya bar hannun a nan.

Talata, 18 ga Tahsas, da hantsi

Muryata ta dushe. Adey ta ce har makiyaya a bayan dutse sun ji ni jiya. Ban tuna ba. Ta tsefe mini kitson da safe, ba ta ja ba.

Asgedom ya mutu. Ƙanena, a hanyar Adwa, yana dawowa gida.

Aboy na zaune a waje cikin mutane yana karɓar gaisuwa. Ya sa an shimfiɗa mini buzu a gefensa. Zan je in zauna.